An ɗora mini darasin yanayi, ni kuwa lissafi na karanta

Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a makarantar sakandare. Lissafi na karanta, shi kuma nake koyarwa tun da na fara aiki. A zangon nan malamin labarin ƙasa ya tafi, aka ɗora mini ajinsa, yara 'yan shekara 13 zuwa 15. Cikin abin da zan koyar akwai yanayi, sauyin yanayi, teku, da bala'o'i irin su ambaliya da girgizar ƙasa. Littafin da muke da shi tsoho ne, ma'anoni kawai yake jerawa a haddace. Na shiga intanet na yi ta sauke bidiyo da takardu har wayata ta cika, amma ban san wanda zan yarda da shi ba. Kwanakin baya wani yaro ya tambaye ni: in da gaske duniya tana ɗumama, me ya sa aka yi sanyi mai tsanani a watan jiya? Na rasa abin cewa, aji ya kwashe da dariya. Wata yarinya kuma mahaifiyarta ta gaya mini ba ta iya barci tun da ta kalli bidiyon tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da ke mamaye tudu, ga wani saƙo da ke yawo a wayoyinsu wai an hango babbar girgizar ƙasa nan da mako guda. Yanzu har fargabar shiga ajin nake yi. Daga ina zan fara? Wane kayan karatu ne abin dogaro? Ko in hana maganar bala'o'in gaba ɗaya?

Wata malama

Wa alaikumus salam Malama.

Ki dakata da sauke kaya haka nan. Abin da kike buƙata bai wuce wurare huɗu ko biyar da za ki san su ciki da bai ba, sai littafin rubutu guda da yaran za su cika da hannunsu. Kuma ki daina ganin lissafinki kamar naƙasu ne. Ilimin yanayi awo ne da ƙidaya da gwama na bana da na bara, wanda ya shigo ajin nan da lissafi a kansa ya zo da rabin kayan aiki.

Mu fara da yaron nan, don tambayarsa mai kyau ce, manya da yawa ma ita suke yi. Akwai halin da sama take ciki yau ko makon nan, wanda ake hasashensa kullum a rediyo. Akwai kuma abin da aka saba gani a wuri in an tara shekaru masu yawa an fitar da matsakaici. Wannan na biyun ba a yanke masa hukunci sai da awon shekara 30, haka Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tsara, kuma zangon da ake aiki da shi yanzu shi ne 1991 zuwa 2020. Ke da kike haɗa sakamakon jarrabawa kin fi kowa sanin wannan: don ɗalibi ɗaya ya faɗi gwaji ɗaya, bai hana matsakaicin makin aji ya yi ta hawa shekara bayan shekara ba. Watan sanyi a gari ɗaya maki ɗaya ne cikin dubbai. Da aka haɗa awon duniya baki ɗaya, tudu da teku, kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira IPCC ya samu cewa shekarun 2011 zuwa 2020 sun fi na 1850 zuwa 1900 zafi da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. Shekarar 2024 kuwa ta zarce duk waɗanda suka gabace ta tun da aka fara ajiye awo.

Ki koma ajin ki kira sunan yaron, ki ce tambayarsa ce darasin yau. Dariyar da aka yi za ta mutu nan take. Nan gaba in aka jefo miki wadda ba ki da amsarta, ki ce ba ki sani ba, ku rubuta ta a gefen allo, ki zo da amsa gobe. Malamanmu sun ce faɗar "ban sani ba" rabin ilimi ne, yara kuma sun fi raina malamin da ke kame-kame a kan wanda ya faɗi gaskiya.

In kina son su taɓa hujjar da hannunsu, ki ba su lambobin Mauna Loa. Wani masani mai suna Charles Keeling ya fara auna iskar kabon, wadda ke riƙe zafi tana ɗumama duniya, da ke sararin sama a kan wannan dutse na Hawai a 1958, lokacin tana kusan 315 cikin kowane miliyan. Yanzu ta wuce 420. Hukumar NOAA ta Amurka, mai kula da teku da yanayi, tana sa lambobin kowane wata kyauta a shafinta. Ki kwafo na shekaru goma-goma, ki ce su zana. In kuma kika ba su na wata-wata za su ga layin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto a cikin kowace shekara, saboda itatuwan arewacin duniya suna zuƙe iskar lokacin da suka yi ganye, su sake ta in sun zubar. Ki bari su gano wannan hawa da saukar da kansu kafin ki faɗi dalili.

To amma kafin duk wannan, littafin rubutun da na ambata. Shi ne kayan karatun da ya fi duk wanda za ki sauke, kuma ba ya cin data. Ki samo gwangwani ko kwalba mai miƙaƙƙen jiki, wadda faɗin bakinta daidai yake da na gindinta, ki ajiye a fili nesa da rufi da itace. Kowace safiya a sa'a ɗaya yaro ya tsoma rula ya karanta zurfin ruwan da ya taru, ya rubuta, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, don sifirin awo ne. Ga inda lissafinki zai shigo: milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Rufin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 8, in aka yi ruwan milimita 25, ya karɓi lita 2,000. Ki sa su lissafa na harabar makaranta duka, sannan ki tambaye su ina ruwan nan yake zuwa in an danne ƙasar da siminti an kuma toshe magudana. Kin koyar da ambaliya ke nan ba ki buɗe littafi ba.

Ma'aunin zafi kuma a rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi, kada a jingina shi da bangon da rana ke duka. A karanta safe da azahar. Gajimare ana ƙiyasta shi ne da kashi takwas: a raba sama gida takwas a zuci, a faɗi nawa ya rufe. In hadari ya haɗu, daga cikin aji su ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da jin tsawa. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, don haka kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Na ce daga cikin aji, ki jaddada musu: duk wanda kunnensa ya ji tsawa aradu na iya kai masa, kuma gindin itace ba mafaka ba ne.

A gefen kowane shafi su rubuta abin da hukumar hasashen yanayi ta ƙasarku ta ce za a yi a ranar, sannan abin da aka yi. Bayan wata guda su fitar da kashi nawa cikin ɗari aka dace. Wannan zai koya musu abu biyu da manya da yawa ba su iya ba: cewa hasashe na gobe ya fi na mako mai zuwa ƙarfi, da cewa in an ce yiwuwar ruwa kashi 60 ce kuma bai sauka ba, ba ƙarya aka yi ba.

Yanzu wuraren intanet. In waya ɗaya ce tak a ajin, abin da zan fara buɗewa shi ne shafin Worldview na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Hoton duniya ne daga tauraron ɗan'adam, na yau ɗin nan, kuma ana iya komawa baya har shekarar 2000. Yaro zai nemo inda yake, ya ga gajimaren da ya rubuta da safe daga sama. Zai ga ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi tana ƙetare tekun Atlantika har dajin Amazon, ya ga guguwa tana murɗawa a kan teku da idonta a tsakiya. Gani ya kori ji. Don sanin sunayen gajimare akwai kundin hotunan da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sa kyauta a intanet, inda aka kasa su manyan gidaje goma. Shirin GLOBE kuma, wanda aka fara a 1995, yana karɓar awon 'yan makaranta daga ƙasashe sama da 100, yana da manhajar waya da ake ɗaukar hoton gajimare a tura, a gwama shi da abin da tauraro ya gani a daidai lokacin. Yaron da ya san awonsa na zuwa hannun masana ba ya yi masa riƙon sakainar kashi.

Don karatunki ke kanki, ki nemi JetStream, makarantar yanayi ta intanet da NOAA ta shirya. Tana tafiya daki-daki daga iska zuwa gajimare zuwa guguwa, da zane. Aibinta misalan na Amurka ne, awon ma da inci da Farenhait, amma wannan a wurinki riba ce: ki ba yara su juya su zuwa milimita da Salshiyas. Jami'ar Colorado tana da PhET, wasu gwaje-gwaje na kwamfuta da ake saukewa sau ɗaya a yi ta amfani ba intanet, cikinsu akwai wanda ake ƙara iskar kabon a ga zafi yana hawa. Rahotannin IPCC kuwa kada ki kai su aji, dubban shafuka ne da aka rubuta don masana da gwamnatoci. Sashen tambayoyi da amsoshi da ke tare da su ya ishe ki.

Kusan duk waɗannan da Turanci suke, ba zan ɓoye miki ba. Amma taswira da hoto da lamba ba sa neman tafinta. Ki zaɓi hoto ɗaya ko biyu tun dare, ki adana su a waya, ki yi bayanin da harshen da yaran suka fi ji.

Teku shi ne ɓangaren da malamai suka fi tsallakewa, musamman inda yara ba su taɓa ganinsa ba, alhali shi ke riƙe da ragamar sauran. Ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na doron duniya, mafi yawan tururin da ke zama gajimare daga gare shi yake tashi, kuma shi ya shanye kusan kashi 90 na ƙarin zafin da duniya ta tara. Gwaji biyu sun wadatar. Na farko ke za ki yi da hannunki: ki hura balan-balan biyu, ɗaya iska zalla, ɗaya da ɗan ruwa a ciki, ki kara kowanne a kan kyandir. Mai iska zai fashe nan da nan, mai ruwa zai jure, don ruwa yana shan zafi mai yawa kafin shi kansa ya ɗauki ɗumi. Na biyu kofi biyu ne da ƙanƙara: a ɗaya ƙanƙarar tana iyo cikin ruwa, a ɗayan tana bisa dutsen da ya ɗara ruwan. A sa alama, a jira ta narke. Ruwan kofi na biyun ne kaɗai zai hau sosai. Daga nan za su fahimci dalilin da ya sa ƙanƙarar da ke kan tudu a Girinlan da Antatika ce abin damuwa, tare da kumburin da ruwa ke yi in ya ɗumama. Tsakanin 1901 da 2018 teku ya hau da kusan santimita 20.

In suka tambaye ki ta yaya aka san zafin can ƙasan teku, ki ba su labarin Argo: na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsawa har mita 2,000, ta taso bayan kwana goma ta aika awon zafi da gishiri ta tauraron ɗan'adam. El Nino ma daga nan za ki ɗauko shi, ɗumamar ruwan gabashin Pasifik da ke zuwa duk shekara biyu zuwa bakwai, ya kawo fari a wasu ƙasashe da ambaliya a wasu masu nisan dubban kilomita. Manyan guguwowin teku kuma ba sa tashi sai saman ruwa ya kai digiri 26 zuwa 27.

Sai tambayarki ta ƙarshe. A'a, kada ki hana. Bidiyoyin suna wayoyinsu ko kin yi magana ko ba ki yi ba, shirunki zai bar su ne da hoton tsoro ba bayani. Ki ba su labarin Tilly Smith. Yarinya ce 'yar Ingila mai shekara 10, tana hutu da iyayenta a bakin teku a Phuket ta ƙasar Tailan ranar 26 ga Disamba, 2004. Mako biyu kafin nan malaminsu na labarin ƙasa ya koya musu tsunami, har ya nuna musu bidiyon wadda ta taɓa afka wa Hawai. Da ta ga ruwa yana kumfa yana wani irin motsi, ta gane, ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutane kusan 100 daga gaɓar kafin igiyar ta iso. Tsunamin ranar ta kashe mutane kusan 230,000 a ƙasashe 14. A tsibirin Simeulue na Indunusiya kuwa, wanda ke dab da inda girgizar ta tashi, mutum bakwai aka ruwaito sun mutu cikin mazauna sama da 70,000, saboda tun bayan tsunamin 1907 kakanni suke gaya wa jikoki cewa in ƙasa ta girgiza teku ya ja baya, a gudu tudu. Bangaladash ta rasa aƙalla mutum 300,000 a guguwar 1970, lokacin tana Gabashin Pakistan. Da guguwa Sidr ta zo a 2007, ita ma mai ƙarfin gaske, hukuma ta ƙirga wajen 3,400, bayan an gina mafaka an kuma horar da dubban 'yan sa-kai da ke bi ƙauye-ƙauye da lasifika. Duk bala'in da za ki koyar, ki haɗa shi da abu uku: me ke jawo shi, wace alama ke zuwa kafinsa, me mutum zai yi. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da rage bala'o'i yana da wasan kwamfuta kyauta, Stop Disasters, inda ake ba yaro gari da kuɗi ƙayyadaddu ya shirya shi kafin ambaliya ko girgiza ta zo. Ya dace da shekarunsu.

Maganar saƙon nan kuwa, ƙarya ce, ki faɗa musu kai tsaye. Hukumar USGS ta Amurka, wadda ke bibiyar girgizar ƙasa a duniya, ta bayyana cewa babu masanin da ya taɓa faɗin rana da wuri da girman wata babbar girgiza kafin ta auku. Abin da ake iya faɗa shi ne inda ta fi yiwuwa cikin shekaru masu yawa. Shafin hukumar yana da taswirar girgizar da aka yi a sa'o'i 24 da suka wuce. Ki manna taswirar duniya a bango, kullum yaro ɗaya ya ɗiga alama a wuraren da aka nuna. Kafin wata ya ƙare ɗigon zai jeru a layi, ya zagaye tekun Pasifik, ya ratsa Indunusiya da Himalaya zuwa Turkiyya. Sun zana iyakokin manyan faya-fayan da ɓawon duniya ya kasu a kansu ke nan. Ga kuma aikin lissafi: kowane mataki ɗaya a ma'aunin girgiza yana nufin ƙarfi kusan ninki 32, to mai maki 9 ta ninka mai maki 7 sau nawa?

Duk bidiyon da suka kawo, a yi masa tambaya uku a gaban aji: wa ya ɗauka, yaushe, a ina. A ɗauki hoton wani sashe a saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa za a tarar tsohon abu ne na wata ƙasa aka sauya wa suna, wani ma kwamfuta ce ta ƙirƙira shi. Kada kuma tsunami ta cinye lokacin abin da ya fi kusa da su. A wurare da yawa ambaliya da tsananin zafi da aradu su ne ke kisa. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. Yaron da ya riƙe wannan ba zai ce bari in ƙetare ba.

Yarinyar nan kada ki yi maganarta a gaban aji. Ki kira ta gefe, ki bar ta ta faɗi abin da ta gani da abin da take tsoron zai faru, kada ki katse ta da "ba komai". Sannan ku buɗe taswira tare ku auna nisanku da teku da tsayin wurinku. In kuna nesa, ta gani da idonta cewa igiyar ba ta da hanyar zuwa. In kuna kusa da gaɓa, ku nemo tudun da za a nufa da hanyar zuwa can, ta san akwai abin yi. Ki ba ta aikin karanta ma'aunin ruwan sama na makon farko. Mahaifiyarta kuma ta raba ta da waya tun kafin lokacin kwanciya, a daina kunna irin waɗannan bidiyoyi a gabanta. In makonni suka wuce barcin bai dawo ba, ko ta fara ƙin abinci ko ƙin zuwa makaranta, a kai ta ga likita.